Mutumin da Ke Wanke Inabi

A wani ƙauye da ke gindin tudu, inda raɓa ke sauka da nauyi, akwai wani mutum mai garkar inabi a bayan gidansa. Garkar ba ta da girma. Rumfuna ne 'yan kaɗan a jere, daga jikin katangar gida har zuwa wata rijiya da shi da ƙanensa suka gada daga mahaifinsu. Amma duk wanda ya tashi a ƙauyen nan ya san ɗanɗanon inabinta.

Ba shi ya dasa ta ba, matarsa Rifkatu ce. Ranar da aka kawo ta amarya, cikin kayanta har da wani ɗan reshe naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, wanda ta yanko daga gidan iyayenta. Matan gari suka yi ta dariya, suna cewa ga amaryar da ta zo da itacen girkinta. Ita kuwa ta dasa shi a jikin katanga, daidai bayan tagar ɗakinsu, tana ba shi ruwa safe da yamma. Reshen ya kama, ya hau, ya zama kuranga. Shekara na bin shekara tana ƙara dashe, har rumfuna suka kai bakin rijiya. Amma ta jikin katangar nan ita ce ta fari, kuma a gidan Uwar Garka ake kiranta.

Shi mutumin a ɗakin shan magani na ƙauye yake aiki. Ba likita ba ne, ko da yake duk gari Likita suke ce masa. Aikinsa shi ne ya tafasa allurai da almakashi, ya goge benci, ya wanke miki ya ɗaure. Tun yana saurayi aka koya masa cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ne ke sa miki ya ruɓe, su ne ke ɗauke jarirai. Ya ga gaskiyar wannan da idonsa, ya kuwa riƙe ta hannu bibbiyu. Akwai mutane da yawa da suka ci gaba da tafiya a kan ƙafafunsu saboda wankin da ya yi wa mikinsu.

Idan ya dawo da yamma yana warin magani, yakan tarar da Rifkatu a ƙarƙashin rumfa, tana tsinke ganye don iska ta ratsa, tana 'yar waƙarta ta zumuntar mata, hannunta duk ƙasa.

Yakan ce, "Maman Damaris, da wannan hannun za a tuƙa mana tuwo?"

Takan ce, "Zan wanke, Likita. Ai kai da za a bar ka, ƙasar ma sai ka tafasa ta kafin a yi shuka."

Ranar da ta buɗe daddawar da ta rufe kuwa, yakan ɗauki kujerarsa ya koma ƙofar gida, ya ce warin zai hallaka shi. Amma idan aka zuba miya, shi ne na farko wajen neman ƙari. Ita ma ta san halin mijinta. Ba ta taɓa miƙa masa inabi ba sai ta wanke shi tas a kwano, yana ƙyalli kamar dutsen ado.

Kwanakin nan sun yi daɗi. Idan inabi ya nuna, nonnansa, wato curin 'ya'yan, kan sauko daga rumfa har su taɓa kan mai wucewa. Gidan kan cika da maƙwabta. Tsofaffi su shimfiɗa tabarma a inuwa, 'ya'yan gida su dawo daga makaranta su jefar da jaka a zaure su wuce garka kai tsaye. Amma ba mai tsinkar ko ɗaya sai an fitar da nunan fari. Rifkatu kan cika kwando daga Uwar Garka, ta ɗauka a ka ranar Lahadi, mijin yana biye da ita cikin farar riga, su ajiye a gaban majami'a. Bayan sujada a raba wa gwauraye da marasa lafiya.

Sai kwana ya ƙare wa Rifkatu. 'Ya'ya sun girma, kowa ya kama gabansa a birni. Ba da daɗewa ba shi ma ya ajiye aiki. Gida ya yi shiru. Idan ya buɗe tagar ɗaki da safe, Uwar Garka ce ke fara gaishe shi. Ya ce a ransa, "Muddin ina da rai, garkar nan ba za ta lalace a hannuna ba."

Ya kuwa kula da ita da iyakar abin da ya sani, abin da ya sani kuwa shi ne tsabta. Ya share ƙarƙashin rumfuna har ƙasa ta yi sumul. Da 'ya'yan inabin suka fara girma, ya matso kusa ya duba su da idon mai duba miki, sai ya ga wani fari-fari a jikinsu kamar an barbaɗa musu hoda. Ya ce, "Ga mafarin cuta." Ya ɗebo ruwa a daro, ya tsiyaya maganin nan mai wari da suke wanke benci da shi, ya samo tsumma mai laushi, ya bi nonna ɗaya bayan ɗaya yana wankewa har suka yi ƙyalli irin wanda ya sani. Kowace safiya haka. Ya kuma sayo maganin feshi mai ƙarfi daga kasuwa, yana fesawa ba ƙaƙƙautawa.

Duk da haka ruɓa ta zo. Takan fara da ƙwaya ɗaya a tsakiyar nono, ta yi laushi, fatarta ta tsage. Kafin a ankara wata fumfuna mai gashi-gashi, ruwan toka, ta rufe ta, ta kama na kusa da ita, har nonon gaba ɗaya ya koma wani abu mai tsami da ƙudaje ke bi. A shekarar ba a kai kwando majami'a ba. Ya ce laifinsa ne, bai wanke sosai ba. Da shekara ta kewayo ya ƙara wanki, ya ƙara feshi. Ruɓar ta zo da wuri, ta fi ta bara muni. Haka aka yi ta yi, har yaran ƙauye suka daina leƙen katanga.

Wata rana ƙanensa Habila, wanda gonar albasarsa ke ɗaya gefen rijiyar, ya zo ya same shi yana kwashe ruɓaɓɓun nonna. Ya tsaya yana kallo, ya toshe hanci.

"Yaya, sannu da jinya."

"Yawwa, Habila."

"Ina so in yi magana, kada ka ji haushi. Rijiyar nan ba kamar da take ba. Rabin ruwanta garkar nan ke shanyewa, albasata na can tana ƙishi. Da ana cin inabin, da ban ce komai ba. Amma mu ja guga bayanmu ya ƙage, ƙudaje su yi biki?"

Mutumin ya san ƙanen nasa ba mugu ba ne, yana da iyali, kuma gaskiya ya faɗa.

Habila ya sassauta murya ya ce, "Ni ma ina kewarta, Yaya. Amma ita ta tafi wurin hutu. Itace ne wannan."

Mutumin ya dubi Uwar Garka, ya daɗe yana dubanta. Sa'an nan ya ce, "Ka ba ni shekara mai zuwa. Idan lokacin nunan fari ya yi ban sami abin da zan cika kwando ba, ni da kaina zan aika a kira ka da gatari. Ka sare duka, ka shuka albasarka har bakin tagata."

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

Labari ya kai ga 'yarsa Damaris, wadda ta yi karatun noma, take aikin malamar gona a birni. Da lokacin da kuranga ke fure ya gabato, sai ga ta ta iso gida da ɗan ƙunshi a jakarta. Bayan ta ci abinci ta huta, ta zaga garkar tare da mahaifinta, ta ga daron da tsumman, ta ga tarin kwalaben feshi a gindin katanga. Suka dawo suka zauna. Ta kwance ƙunshin, ga wani gari a ciki.

Ya ce, "Wane irin guba ne wannan? Ya fi nawa ƙarfi?"

Ta ce, "Ba guba ba ne, Baba. Masu rai ne. Ƙwayoyi ne ƙanana, barci suke yi a cikin garin nan. In an dama da ruwa an fesa, sai su farka su zauna a jikin fure da 'ya'yan."

Mutumin ya ja kujerarsa baya. "Ƙwayoyi? Damaris, abin da na ƙarar da ƙuruciyata ina kashewa, shi kika ƙunso mini a jaka daga birni? Wannan ne karatun?"

Ta yi dariya, irin dariyar uwarta. "Baba, ba duka ne mugaye ba. Ka tuna daddawar Mama? Takan dafa kalwa, ta rufe da ganye da buhu, ta bar ta a lungu. Wa kake tsammani ke yin aikin a ƙarƙashin buhun nan? Dangin waɗannan ne. Kai kuwa ka sha miyarsu har kana neman ƙari."

"Wannan miya ce."

"To, ka saurare ni. Ita fumfunar nan iska ke kawo irinta, ba ka da yadda za ka hana ta zuwa. Abin da take nema wuri ne da ɗan abinci da laima. In ta sauka ta tarar waɗannan sun riga ta, sun cika wurin, sun cinye abin da za ta ci, suna kuma fitar da abin da ba ta so, sai ta rasa inda za ta kafa ƙafa. Amma kai kullum kana wanke jikin 'ya'yan, kana kashe mai kyau da marar kyau, ka bar su a jiƙe, ba kowa a kansu. Wa zai fara isowa? Ita. Feshin nan naka kuma ta riga ta saba da shi."

Ta nuna masa yadda ake yi. A sami famfon feshi da ba a taɓa zuba guba a ciki ba. A dama garin da ruwan rijiya zalla. A fesa da yamma in rana ta yi sanyi, tun daga fure, a riƙa maimaitawa har 'ya'yan su nuna. A rage ganye don iska ta shiga. In an ga ƙwaya ta ruɓe, a cire ta a binne nesa.

"Sharar da kake yi tana da kyau, Baba, ka ci gaba. Wankin ne za ka bari. Ka yi mini alkawari."

Ya ce, "Na ji."

"Ji daban, alkawari daban."

Ya ce, "Na yi alkawari zan fesa abin naki."

Da ta koma birni, mutumin ya zauna da ƙunshin a gabansa yana tunani. Bai taɓa karya alkawari ba, ba kuwa zai fara da 'yarsa ba. Amma da ya ɗaga ido ya ga Uwar Garka tana fitar da fure, sai zuciyarsa ta ƙi. Ya ce, "Na ce zan fesa, ban ce a ina ba. Rumfunan bakin rijiya, waɗanda dama Habila ya sa wa ido, su zan ba ƙwayoyinta, su yi yadda suka ga dama. Amma abin da Rifkatu ta dasa da hannunta a bayan tagata, ba zan zuba masa cuta da hannuna ba."

Haka ya raba garkar biyu. Can wajen rijiya yakan je da yamma da sabon famfo, ya fesa yadda aka nuna masa, ya tsinke ganye, ya dawo ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwa. Bai taɓa fashi ba, domin shi mutum ne mai cika aiki ko da ba ya sonsa. Nan kusa da gida kuwa, Uwar Garka da rumfunan da ke kewaye da ita, ya ba su dukan ƙaunarsa. Ya ƙara yawan maganin da ke cikin daro. Ya wanke da safe, wani lokaci ya sake da rana. Yana wankewa yana yi mata magana a hankali, kamar yadda yakan lallashi mai miki.

Da 'ya'yan suka kumbura, sai ya ga na bakin rijiya sun yi fari-fari daga sama har ƙasa, sun dushe, ba ƙyalli ko kaɗan. Ya girgiza kai ya ce, "Na sani. Sun tafi." Daga ranar bai ƙara ɗaga ido ya dube su da kyau ba. Yakan yi feshin, kansa a sunkuye, don cika alkawari kawai. Duk begensa ya koma kan Uwar Garka, wadda nonnanta ke sheƙi a rana.

Sai aka yi wasu kwanaki na raɓa mai yawa. Wata safiya ya buɗe taga, wani tsami ya bugi hancinsa. Ya fita da sauri ba ko takalmi. Ya ɗaga nono na farko, ga toka-tokar nan a tsakiya. Ya ɗaga na biyu, haka. Ya ɗebo daro ya yi ta wanki, yana wankewa 'ya'yan suna faffashewa a hannunsa. Kafin mako ya ƙare, babu nono ɗaya mai lafiya a rumfunan kusa da gida. Ganyen Uwar Garka ma ya ƙone a baki-baki saboda ƙarfin magani.

Ya zauna a ƙarƙashinta har rana ta take. Ya tuna tabarmin tsofaffi, da jakunkunan makaranta a zaure, da kwando a kan Rifkatu. Sa'an nan ya tashi, ya aika a gaya wa Habila cewa lokaci ya yi.

Habila ya zo da gatari a kafaɗa, ba ya murna. Ya dubi yayansa, ya dubi ruɓar, ya ce, "Yaya, in kana so a ƙara shekara..."

"Magana na yi. Ka fara."

"To, bari in fara daga bakin rijiya, kada ka ga faɗuwar wannan tukuna."

Ya tafi. Mutumin ya juya baya ya fuskanci katanga, yana jiran ƙarar sara. Ya jira, ya jira, bai ji komai ba. Can sai ya ji ana kiransa da baki cike.

"Yaya! Zo nan!"

Ya je ya tarar da gatari a ƙasa, Habila kuwa ya tsinko nono guda yana ci, ruwan yana bin gemunsa.

"Ka tofar! Ba ka ga fumfuna ba?"

"Wace fumfuna?" Habila ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya goga a rigarsa, sai ga ta tana ƙyalli, da tauri, ba tabo. "Wannan farin? Haba Likita! Ai rigarsa ce. Haka na Rifkatu yake a rumfa tun fil azal. Ni da nake sata ta kan katanga na sani. Kai a kwano ka saba ganinsa."

Mutumin ya miƙa hannu, ya ɗaga nono ɗaya, ya buɗa tsakiyarsa. Lafiya lau. Ya ɗaga wani. Ya bi rumfar daga wannan kai zuwa wancan. Nan da can yakan sami ƙwaya ɗaya da ta lalace, amma ruɓar ta tsaya a kanta, ba ta kama na kusa ba. Ya sa ɗaya a baki, ba wanki. Zaƙin da ya yi shekaru bai ji ba ya cika bakinsa, sai hawaye suka zubo masa.

Ya waiwaya ya hangi Uwar Garka da ƙonannen ganyenta, ya ce, "Wadda na fi ƙauna, ita na hana."

Habila ya ɗauki gatarinsa ya saɓa, ya tsinki wani nonon ya jefa a aljihu. "Wannan ladan zuwa ne. Albasa kuma ta yi haƙuri, ma ƙara wa rijiyar zurfi."

Ranar Lahadi mutumin ya sa farar rigarsa, ya ɗauki kwando cike, ya nufi majami'a. A bakin ƙofa wata tsohuwa daga cikin zumuntar mata ta leƙa kwandon, ta dube shi, ta ce, "Likita, lafiya? Yau ka manta ba ka wanke ba."

Ya ce, "Iya, mai ci ya wanke nasa."

Garkar ta tsira, tana nan har ya tsufa ƙwarai. Amma Uwar Garka ba ta farfaɗo ba. Da shekara ta kewayo ya fesa mata abin da ya hana ta, ta fitar da ɗan ganye kaɗan, daga nan ta bushe.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Inabin nan zuciyar mutum ce. Fumfunar kuwa ita ce zunubi da mugun tunani, waɗanda ke yawo ko'ina kamar yadda iska ke yawo. Ba wanda ya isa ya gina katangar da za ta hana su isowa. Abin da suke nema wuri ne da ba kowa. Ƙwayoyin nan masu amfani, da ido ba ya gani, su ne ƙananan abubuwan da Ruhun Allah ke zaunar da su a cikinmu: addu'ar safe, Maganar Allah da aka ji aka riƙe, waƙar yabo a bakin mai wanke-wanke, zumunci da masu bi, gaida marar lafiya, aikin hannu mai kyau. Ba su da ƙara, ba a ganin aikinsu a yini ɗaya, kuma sai an riƙa maimaita su. Amma inda suka riga suka zauna, mugunta takan zo ta rasa masauki.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Tsabtarsa ta ceci mutane a inda ta dace. Har a garkar ma ba a hana shi shara ba, ba a hana shi cire ruɓaɓɓiyar ƙwaya ba. Tuba wajibi ne, rabuwa da mugun abu wajibi ne. Kuskurensa shi ne ya ɗauka idan an kawar da marar kyau, aiki ya ƙare. Akwai ɗan'uwan da ya bar shan giya, muka yi murna, amma ba wanda ya ba shi wurin zama da yamma, ba wanda ya ce masa zo mu je. Ya zauna shi kaɗai a tsabtace, ba kowa tare da shi. Kun san wanda ya fara ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Iyaye, wannan kashin namu ne. Da yawa cikinmu mun tashi a gidajen da ba su da abin duniya, amma a cike suke. Akan taru a tsakar gida bayan tuwo a yi waƙa, kaka ta ba da labari, uba ya yi addu'a yana kiran sunan kowa ɗaya-ɗaya, a aike mu da ƙwaryar abinci gidan gwauruwa. Ba mu san ana yi mana wani abu ba, ashe ana cika mu ne. Yau kuwa ɗan da muka fi ƙauna shi muka fi wankewa. Kada ka je can, kada ka taɓa wannan, ajiye wancan, wa ya kira ka. Daga safe har dare hani ne da bincike, har yaron ya yi laushi, fatarsa ta tsage. Mun hana shi abu goma, ba mu ba shi ɗaya ba. Wani lokaci ma abin da muke gogewa a jikinsa ba cuta ba ce, rigar da Allah ya yi masa ce: yawan tambayarsa, dariyarsa, shirunsa.

Ku kuma tuna yadda mutumin ya raba garkarsa. Ya miƙa gefen da ya riga ya fid da rai a kansa, ya riƙe gefen da yake ƙauna don ya tsare shi da dabararsa. Mu ma haka muke yi da Ubangiji. Mukan ba shi abin da ba mu damu da shi ba, mu ce wannan ɗayan kuwa ni zan kula da shi da kaina.

Saboda haka idan kun koma gida yau, kada ku tsaya ga tambayar me zan cire. Kowa ya dubi abin da ya fi ƙauna, ko ɗa ne, ko aure, ko zuciyarsa, ya tambayi kansa: wa na zaunar a nan? In amsar ita ce ba kowa, to, ku fara yau da yamma, tun ana fure.